Sirrin Hannun Ƙaguwa: Yadda Jijiya Ke Auna Saƙonta Ga Tsoka

Ɗalibin da ya tashi a Sheshe, cikin birnin Kano, da wuya a ce bai taɓa ganin busasshen jatan lande da ake dakawa a zuba a miya ba. Watakila kuma ya taɓa ganin ƙaguwa a bakin rafi ta ɗaga hannunta mai kama da awartaki. To, waɗannan halittu masu ɓawo sun koya wa masana abubuwa da dama game da yadda jijiya ke umartar tsoka.

Da farko, ya kamata mai karatu ya sani cewa jijiyar da ke ɗauke da saƙo ba ta manne da tsoka ba, akwai ɗan siririn rata a tsakaninsu. Idan saƙon lantarki ya iso bakin jijiya, sai sinadarin kalshiyam ya shiga cikinta, shi kuma ya sa wasu ƙananan ƙunshe-ƙunshe su fashe su zubo da sinadarin isar da saƙo. A tsokar ɗan Adam sunan wannan sinadari asetilkolin, amma a ƙaguwa da danginta gulutamet ne. Bernard Katz na Jami'ar Landan, wanda ya nuna cewa ƙunshi-ƙunshi ake sakin sinadarin, ya sami kyautar Nobel a 1970. A 1961 kuwa, Josef Dudel da Stephen Kuffler sun tabbatar da haka a jikin jatan lande na ruwan daɗi.

Abin mamaki shi ne, tsokar mutum guda ɗaya tana iya samun jijiyoyi ɗaruruwa, in ana son ƙarin ƙarfi sai a ƙara yawan masu aiki. Ita kuwa ƙaguwa, jijiyoyinta 'yan kaɗan ne. Tsokar da ke buɗe hannunta ma jijiya ɗaya tak ke zaburar da ita. To, yaya take sarrafa ƙarfinta? Amsar tana bakin jijiyoyin, domin ba duka suke zuba sinadari daidai wa daida ba.

Harold Atwood na Jami'ar Toronto a Kanada ya shafe shekaru yana kwatanta iri biyu. Iri na farko na gaggawa ne: da saƙo ɗaya yana iya sakin ƙunshin da ya ninka na ɗan'uwansa sau ɗari ko fiye, amma nan da nan yake gajiya. Da irinsa jatan lande ke kaɗa wutsiya ya tsere wa maƙiyi. Iri na biyu mai haƙuri ne: saƙo ɗaya da ƙyar yake sakin ƙunshi, amma idan saƙonni suka yi ta zuwa a jere, ragowar kalshiyam kan taru, sai sakin ya riƙa ƙaruwa. Bakinsa cike yake da mitokondiriya, wato gidajen samar da kuzari, don haka yakan daɗe bai gaza ba. Shi ke kula da tsayuwa da tafiya a hankali.

Wannan hali kuma ba dauwamamme ba ne. A 1985 Gregory Lnenicka da Atwood sun yi ta zaburar da jijiyar gaggawa na tsawon kwanaki, sai ta rage zubar farko ta kuma ƙara juriya. Ashe jijiya ma tana horuwa.

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan ilimi na ƙaguwa ne kaɗai. A wannan ɗan rata ne dafin gamsheƙa ke toshe hanyar asetilkolin har numfashi ya gagara. A nan ne kuma maganin ƙwari irin fiya-fiya ke hana a share sinadarin, sai tsoka ta yi ta karkarwa. Saboda haka malamin da zai koyar da darasin jijiya, ya fara da hannun ƙaguwa, sannan ya gargaɗi ɗalibansa kan kwalbar da ake yayyafawa a ɗakin kwana.