Tsohuwar Kwamfuta Ba Gawa Ba Ce: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Agiye Su Sani

A 'yan shekarun nan, daga Agiye zuwa Gazawa har Gidan Rumji, 'yan kasuwa da dama sun koma rubuta lissafin buhunan aya da gyaɗa da wake, da sunayen masu cin bashi, a cikin kwamfuta. Galibi kuwa 'yan gwanjo ne da ake sayowa a Maraɗi ko Kano.

To, sai ga shi ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10, alhali yawancin tsofaffin na'urorin nan ba sa ɗaukar Windows 11. Wannan ya sa masu gyara ke ba da shawarar a koma Linux, manhajar kyauta da Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan, ya fara a 1991. Ire-irenta kamar Lubuntu da Linux Mint ba su da nauyi.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Sau da yawa an sa filashin da ke ɗauke da manhajar, kwamfuta ta yi biris da shi, nan take a ce wa mai ita ta mutu, a taya ta da araha. Mun lura cewa galibi matsalar tana cikin BIOS ne, wato ƙaramin tsarin da ke fara tashi ya gaya wa na'ura inda za ta nemo manhaja.

Ana shiga wurin ne da zarar an kunna: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Abu na farko, a sa filashi a gaban faifan ajiya cikin jerin tashi. Na biyu, na'urorin da aka ƙera daga zamanin Windows 8, wato 2012, suna da makulli mai suna Secure Boot, wanda kan hana wasu manhajoji tashi sai an kashe shi. Na uku, da yawa daga cikin waɗanda suka girme su ba su san sabon tsarin UEFI ba, don haka dole a shirya filashin bisa tsohon tsari. Idan kuma Linux bai ga faifan ajiya ba, a duba ko yana kan AHCI.

Wani abin da ake mantawa shi ne ɗan batirin CR2032 mai kamar kwabo da ke ciki. Idan ya mutu, duk lokacin da wuta ta ɗauke saitin kan goge, agogo ya koma baya. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Jan kunnenmu, musamman ga iyayenmu mata masu adashi da sayar da kaya bashi: kada ki yarda a taɓa komai sai an kwafe lissafinki a wani filashin daban, kin gani da idonki, domin ɗora sabuwar manhaja na iya share faifan baki ɗaya. Ki kuma nemi a fara gwada Linux daga filashi ba tare da an ɗora shi ba, ki tabbatar takardunki suna buɗewa. A ɗauki hoton saitin da waya kafin a sauya shi.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.