Gona Taka, Ma'adini na Gwamnati

A ƙasar Ɗambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, kowa ya san iyakarsa tun kaka da kakanni. To, amma in aka tono ma'adini a gonar mutum, ba nasa ba ne. Dokar 1916 ta mallaka wa Gwamnati ma'adinan Nijeriya duka, ta 2007 kuwa ta tabbatar da haka. Manomi sai diyya da kuɗin hayar fili.

Kada ku raina wannan magana. Yashin da masu haƙar kuza a Jos suka riƙa zubarwa a dā, ashe akwai monazait cikinsa, watau tushen ƙarafa masu wuyar tacewa waɗanda ake sa wa wayar hannu da mota mai lantarki. Saboda su ne Gwamnatin Amurka, wadda ba ta saba ciniki da kanta ba, ta sayi hannun jari a kamfanin MP Materials cikin 2025.