Shin suɗewar taya na iya jawo wa direba tarar gudu?

Ma'aunin gudun da ke gaban direba bai san hanya ba. Juyawar ƙafafun mota yake ƙirgawa, ya lissafa da girman tayar da kamfani ya sa mata tun farko.

Ɗauki taya mai lamba 205/55 R16, irin wadda ake gani a ƙafar wasu Corolla. Tsayinta wajen milimita 632 ne, zurfin zanenta kuma kusan milimita 8 tana sabuwa. In ta cinye har zanen ya koma 1.6, iyakar da dokar Turai ta yarda da ita, tsayin ya ragu da kusan milimita 13, wato kashi 2 cikin ɗari. Sai ta riƙa yin ƙarin juyi kafin ta ci kilomita guda. Allura ta nuna 100, alhali motar na kan 98.

Ke nan suɗaɗɗiyar taya ba hujja ba ce a gaban jami'in kiyaye haɗurra, don kuskurenta taimakon direba yake yi. Haɗarinta yana wajen birki da damina.

Inda ake shiga uku shi ne sa babbar taya don mota ta ɗaga. A sa 215/65 R16 a madadin waccan, tsayi ya kai milimita 686, allura na kan 100, mota na zabga kusan 108. Na'urar jami'ai kuwa gudun motar kanta take aunawa, babu ruwanta da lambar taya.