Masu Jiragen Filafili a Karibiyan da Layin da Inshora Ta Shata Musu

Da zarar watan Mayu ya raba, sai tashoshin ƙananan jiragen ruwa na arewacin Karibiyan su fara yin fayau. Masu jiragen filafili, wato waɗanda iska ke turawa, sukan ɗaga anka daga Antigua da Saint Martin da tsibiran Virgin. Wasu su gangara kudu zuwa Grenada da Trinidad, wasu su haura gaɓar gabashin Amurka, wasu kuma su tsallaka Turai, kamar yadda makiyaya kan tashi kafin damina ta rutsa da su. Abin da suke gudu shi ne lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Sai dai ga yawancinsu, takardar inshora ce ke tsayar da ranar tashin.

Kamfanonin inshora sun shata wani yanki a taswira. Jirgin da guguwa mai suna, wato wadda ƙarfinta ya kai a raɗa mata suna, ta tarar a cikinsa a wannan lokaci, ko dai ba za a biya shi ba sam, ko kuma mai shi ya ɗauki kaso mai nauyi na asarar, wani lokacin har kashi 10 cikin 100 na kuɗin jirgin. Kafin ma a karɓe shi, sai mai jirgin ya rubuta shirinsa: inda zai ɓoye jirgin, da wanda zai kula da shi idan ba ya nan.

Asalin da yawa daga cikin guguwoyin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Hadarin da kan ratsa ƙasar Hausa daga gabas a watan Agusta da Satumba yana tafe ne a kan wata igiyar iska da ke bin Sahel zuwa yamma. Idan ta faɗa teku ta wajen Senegal da tsibiran Cape Verde, ta iske ruwa mai zafin da ya kai digiri 26 ko 27, tana iya dunƙulewa ta zama guguwa. Ta wannan hanya guguwoyin Ivan da Irma da Beryl suka zo, kuma su ukun ne suka sauya rayuwar masu jirage a yankin.

Kafin 2004, ana ɗaukar Grenada a matsayin tudun mun tsira, domin rabonta da babbar guguwa tun Janet a 1955. Ranar 7 ga Satumban 2004 Ivan ta afka mata, ta lalata kusan kashi 90 cikin 100 na gidajen tsibirin, jiragen da aka fitar kan tudu aka tokare da ƙafafun ƙarfe suka riƙa faɗa wa juna. Daga nan wasu kamfanoni suka ja layinsu kudu har Trinidad. Filayen ajiya kuma suka koyi darasi: a sauke dogon ƙarfen filafili, a ɗaure jirgi da ƙasa da madauri masu ƙarfi.

Irma ta nuna cewa maɓoyar cikin ruwa ma tana da iyaka. Ranar 6 ga Satumban 2017 ta ratsa tsibiran Virgin na Birtaniya da iska mai gudun kilomita 285 a awa. A Paraquita Bay da ke Tortola, inda kamfanonin haya suka saba jera jiragensu suna ganin wurin a kare yake, sai ga su jibge a kan juna. Ƙungiyar BoatUS ta ƙiyasta cewa guguwoyin Harvey da Irma sun lalata jiragen shaƙatawa fiye da 63,000 a Amurka kaɗai. Bayan wannan shekara kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabi, wasu kamfanoni suka janye daga yankin, tsofaffin jirage suka rasa mai karɓarsu.

Ba daidai ba ne a ɗora komai a kan ɗumamar yanayi. Jiragen sun ƙaru, sun kuma yi tsada, kuma sana'ar haya tana tara ɗaruruwansu a wuri guda, don haka guguwa ɗaya kan ci dukiyar da a da sai guguwa da yawa. Amma akwai abin da yawan jirage bai bayyana shi ba, wato saurin da guguwa ke yi wajen ƙaruwa a kan ruwa mai zafi. Ranar 28 ga Yunin 2024 Beryl ƙaramin hadari ce a tsakiyar teku. Ranar 30 ga wata ta kai mataki na huɗu a ma'aunin ƙarfin guguwa. Ranar 1 ga Yuli ta dira a Carriacou, wani tsibiri na ƙasar Grenada, daga baya ta kai mataki na biyar, abin da ba a taɓa gani da wuri haka ba a tarihin Atlantika. Jirgin filafili kuwa abin da yakan ci a yini da dare bai fi kilomita 250 ba. Wanda ya yanke shawara da wuri ya kwana a teku ya wayi gari a Trinidad. Waɗanda suka bi tsohuwar dabara, suka kutsa cikin itatuwan fadama na Tyrell Bay suka ɗaure, da yawansu sun rasa jiragensu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne cewa da dama sun zo nan ne takanas don gudun guguwa.

Wannan ƙaura tana da masu cin moriyarta. Chaguaramas a Trinidad ta zama garin masu gyara, inda makanikai da masu ɗinkin filafili da masu fenti ke samun aiki a watannin da tashoshin arewa ke zaman kashe wando. Mai hali yakan fitar da jirginsa kan tudu, ya biya ajiyar wata shida, ya hau jirgin sama ya koma gida. Wanda jirgin shi ne ɗakinsa, kamar tsofaffin da suka sayar da gida suka koma ruwa, sau da yawa yakan haƙura da inshorar guguwa, ya zauna yana bin sanarwar cibiyar hasashen guguwa ta Miami. Idan irin wannan jirgi ya nutse, babu mai biyan kuɗin tsamo shi, kuma jikinsa na faiba ba ya ruɓewa. Bayan guguwar Ian ta daki yankin Fort Myers a Satumban 2022, hukumomin Florida sun daɗe suna kwashe jiragen da aka watsar a fadamu da magudanai, da yawa da kuɗin jama'a.

A ganina, waɗanda aka fi mantawa da su a lissafin nan su ne 'yan ƙasa. Masuncin Barbados ba shi da zaɓin tafiya Trinidad na rabin shekara, a ruwan da guguwa ke bi yake neman abinci. Beryl ta lalata ko ta nutsar da jiragen kamun kifi fiye da 200 a Barbados, galibi a tashar Bridgetown. A ƙauyen Windward na Carriacou, inda ake sassaƙa jiragen filafili na katako da hannu tun kaka da kakanni, guguwar ta haɗa gida da jirgi ta ci a rana guda. Baƙon da ya yi asara yana iya sauya tsibiri a shekara mai zuwa. Su kuwa a bakin ruwan nan suka sake neman katako da ƙusa, alhali saura wata biyar lokacin guguwar ya ƙare.