Mai Saita Numfashin Bindigar Iska

A Wanke da sauran garuruwan yankin Gusau, Tsafe da Bunguɗu, in aka ce bindiga, hankalin mutane kan tafi ga ta mafarauta mai cin albarushi, ko kuma ga makaman da suka hana manoma sakat. Amma akwai wata bindigar da ba ta san wuta ba, iska kawai take ci. A Turai da Amurka gyaranta sana'a ce mai zaman kanta, kuma gwanin cikinta shi ne mai ƙera bawul da saita shi.

Sana'ar ta daɗe. Wajen 1779 Bartolomeo Girardoni ya ƙera wa sojan Ostiriya bindigar iska mai tukunya a gindinta. Sai an buga famfo kusan sau 1,500 kafin ta cika, ta yi harbi kamar talatin. Masu binciken ƙasa Lewis da Clark sun tafi da irinta a tafiyarsu ta ratsa Amurka daga 1804 zuwa 1806. Daga baya sojan Ostiriya sun ajiye ta, don tukunyar na da wuyar ƙerawa, fatar da ke toshe iska kuma ba ta jure sakaci.

Ta zamani mai silinda ma haka take aiki. Ana ɗura iska a silinda har matsinta ya kai bar 200 zuwa 300 a ma'aunin matsi, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce biyu da ɗoriya. Bawul ne ke tsare wannan iskar, kamar na taya da kowane mai faci ya sani: iskar ciki ita ke danne shi ya rufe. In aka taɓa kunama, sifirin ya cilla 'yar guduma ta daki bawul, ya buɗe na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, iska ta tura ƙwayar dalma waje.

Matsalar tana nan: duk yadda bakin bawul ya ƙara faɗi, haka ƙarfin da ke danne shi yake ƙaruwa. Sai a nemi guduma mai nauyi da sifirin mai tauri. Ɗana bindigar ya zama aiki, ga girgiza da ke kautar da saiti. Maganin da maƙera suka samo shi ne bawul mai daidaito. Ana ɓoye wani sashe na bayansa cikin ɗan ɗaki da aka toshe da zoben roba, yadda iskar silinda ba za ta danne shi gaba ɗaya ba. Ɗan bugu kaɗan ya isa ya buɗe shi. Da ya buɗe, iska ta bi wata 'yar kafa ta cika ɗakin, ta mayar da shi ya rufe.

A nan ake gane gwani. In bawul ya yi saurin rufewa, ƙwaya ta fita ba ƙarfi. In ya yi jinkiri, iska ta tafi a banza, ƙara ta yi yawa. Wani lokaci gudumar kan dawo ta sake bugu bayan ƙwaya ta riga ta fita, wannan ma asara ce. Saboda haka mai saiti ba ya rabuwa da na'urar auna gudun ƙwaya da littafin rubutu. Ya sauya abu ɗaya, ya harba, ya rubuta, sannan ya taɓa na gaba. Abin da yake nema shi ne harbi na farko da na hamsin su fita da gudu kusan ɗaya. A gasar Olamfik, inda aka shigar da bindigar iska ta mita 10 a 1984, ƙwayar milimita 4.5 ce, ɗigon tsakiyar allo kuwa rabin milimita.

Aikin na da haɗari. Ba a kwance bawul sai an sauke iska tas. Ba a ɗura iskar oksijin ta masu walda, ba a shafa man inji, don a irin wannan matsi suna iya kamawa da wuta.

Sai doka. Ingila ta ƙayyade ƙarfin bindigar iskar da za a riƙe ba lasisi, Jamus ma haka. A Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa ta cikin jerin bindigogin da sai da lasisi, gyaranta ma sai da izinin 'yan sanda. A halin tsaron da Zamfara take ciki, wannan ba abin wasa ba ne.

Duk da haka, ilimin da ke cikin sana'ar bai tsaya ga bindiga ba. Auna matsi, toshe yoyo da rubuta sakamako su ne abin da mai gyaran kwamfiresa, injin ban-ruwa da famfon feshi yake buƙata kullum. Matashin da ke sha'awar bawul ya fara daga waɗannan, inda kasuwa take buɗe kuma doka ba ta hana ba.