Abin da ke sa allurar RPM ta yi nauyi a tsohuwar mota lokacin sanyi

A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, kamar Kanada da Jamus, masu tsofaffin motoci sun saba da wannan: a tayar da mota da asuba, inji na ruri, amma allurar agogon da ke nuna yawan juyin inji a minti ɗaya, wato RPM, tana kwance, ko tana hawa da ƙyar. Motocin da aka shigo da su daga can kan nuna irin wannan hali da safiyar hunturu a garuruwa masu tsananin sanyi irin Jos.

Galibi laifin ba na inji ba ne. Idan allurar ta warware da zarar cikin motar ya ɗumama, to matsalar tana cikin agogon ko wayoyinsa.

A tsofaffin manyan motoci da taraktoci, wata igiyar ƙarfe ce da ke juyawa cikin bututu take motsa allurar. Giris ɗin da ke ciki yakan tsufa, sanyi kuma ya daskarar da shi. Maganinsa a zaro igiyar, a wanke, a shafa mata mai marar kauri.

Na lantarki ya fi wuyar sha'ani. Yana karɓar saƙo daga kwayil a tsohuwar motar fetur, ko daga altaneta a yawancin tsofaffin motocin dizal, inda sakwarkwacewar fambel kaɗai ta isa ta sa allurar ta yi ƙasa. A allon da ke bayan agogon kuwa, dalmar da ta riƙe wayoyi takan tsage bayan shekaru. Sanyi ya sa ƙarfe ya tsuke, tsagar ta buɗe, zafi ya sake haɗe ta. Kafasito ma idan ya tsufa ƙarfinsa na raguwa cikin sanyi. Gyaran duka biyun bai wuce sabunta dalma da sauya kafasito ba, aikin da mai gyaran rediyo kan fi bakanike ƙwarewa a kai.

Gwaji mafi araha shi ne a hura wa agogon iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi kafin a tayar da mota. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da kafar OBD-II, wadda na'urar bincike za ta karanta ainihin juyin inji ta cikinta, a kwatanta da abin da allurar ke nunawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fesa wa gindin allurar man kwance tsatsa. Yakan yi aiki na ɗan lokaci, sannan ya tara ƙura, allurar ta ƙara maƙalewa. Ɗigon man agogo ɗaya ya wadatar.

Barin ta haka ma yana da hasara. Direban da ya yarda da allurar da ke nuna 1,000 alhali inji na juya 3,000 zai ci gaba da taka totur a daidai lokacin da man inji bai gama zagayawa ba.