Wi-Fi A Cike Amma Intanet Ba Ya Tafiya: Yadda Ake Gano Matsalar Rauta A Bakin Iyaka

A Garu da sauran ƙauyukan ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, intanet ɗin gida ko na shago yana zuwa ne ta rauta mai ɗaukar sim, ko ƙaramar MiFi ta aljihu. Da ita mai cajin waya ke sayar wa matasa Wi-Fi, da ita ɗalibi ke duba sakamakon JAMB, da ita ɗan kasuwar albasa ke tura wa abokin cinikinsa na Legas hoton kaya. Idan ta fara yankewa, abin da aka saba shi ne a zargi na'urar, a sayi wata, ko a sake loda data a wani layi. Sau da yawa kuɗin ne kawai ke tafiya, matsalar na nan.

Dalili shi ne, sigina biyu ne ke aiki, ba ɗaya ba. Na farko yana tasowa daga ƙarfen sabis, wato dogon turken kamfanin waya, zuwa sim ɗin da ke cikin rauta. Na biyu shi ne Wi-Fi, daga rauta zuwa waya ko kwamfuta. Alamar Wi-Fi da ke saman waya labarin na biyun kaɗai take bayarwa. Tana iya cika taf alhali rautar ba ta samun komai daga turke, kamar famfo ne mai lafiya da tankinsa ya ƙafe.

Gwajin farko

A tsaya dab da rauta a buɗe wani shafi. Idan ya buɗe a nan amma ya ƙi a ɗaki, matsalar ta Wi-Fi ce. Idan ya ƙi ko'ina, a rubuta adireshin rautar a burauza: na'urorin Huawei galibi 192.168.8.1 ne, wasu kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma yana rubuce a bayan na'urar. Wannan shafi ba ya buƙatar data. In ya buɗe nan take amma Google ya ƙi, to tsakanin waya da rauta lafiya lau, sai a koma kan sabis.

Idan matsalar daga turke ce

A yawancin rautocin 4G, shafin bayanan na'ura yana nuna lambobi biyu masu amfani. RSRP shi ne ƙarfin siginar da ke isowa. Lamba ce mai alamar ragi, don haka wadda ta fi kusa da sifili ta fi kyau: -80 ya yi kyau sosai, -95 za a lallaɓa, daga -110 zuwa ƙasa kuwa sabis ya kusa ɓacewa. SINR kuma tsabtar siginar yake aunawa, wato yadda muryar turken ke fita a cikin hayaniya. Sama da 13 yana da kyau, kusa da sifili ko ƙasa da shi babu armashi.

In RSRP ne ya yi rauni, nisa ne ko shinge. A ɗaga rauta sama kusa da taga mai fuskantar turken, a riƙa matsar da ita ana duba lambar. Ƙarin 3 kacal, misali daga -103 zuwa -100, ninki biyu ne na ƙarfin sigina.

In RSRP na da kyau amma SINR ya faɗi, cin karo ne da siginar wasu turaku. A nan zaman bakin iyaka ke shigowa. Birnin Konni na Jamhuriyar Nijar 'yan kilomitoci ne daga garin Illela, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗa ce, sigina ba ya tsayawa a shingen kwastam. Kamfanonin can, irin su Airtel Niger, Moov Africa da Zamani Telecom, suna aiki a zangunan wayar salula irin waɗanda MTN, Airtel da Glo ke amfani da su a nan. Maganin da ya fi shi ne eriyar waje mai fuskantar wuri guda, in rautar na da wurin jona ta: a kafa ta a kan sanda sama da rufi, ta kalli turken Najeriya, ta ba Nijar baya.

Akwai kuma romin. Idan sabis ɗin gida ya ɗauke, ko da na ɗan lokaci ne, na'urar da aka bari a kan otomatik za ta nemi wani netwok, ta iya kama na Nijar. A can datar da aka saya a Najeriya ba ta aiki, sai intanet ya tsaya, ko kuma a ci kuɗin kati a farashin ƙetare. Lambar netwok da ta fara da 621 ta Najeriya ce, 614 kuwa ta Nijar. A shiga setin, a kashe romin, a mayar da zaɓin netwok daga otomatik zuwa manuwal, a zaɓi kamfanin layin da hannu.

In lambobin biyu duk suna da kyau amma gudu babu, cunkoso ne. Turke ɗaya mutane da yawa yake raba wa abin da yake da shi. A gwada gudun bayan sallar asuba, a sake gwadawa bayan isha'i, da kuma ranar Lahadi da kasuwar Illela ke ci. In da asuba yana gudu, da dare yana rarrafe, sabuwar rauta ba za ta canza komai ba. Layin wani kamfani ne zai iya taimakawa. Wani lokaci ma abin ya wuce turken: ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a faɗin Najeriya alhali wayoyi na nuna sabis a cike.

Idan matsalar ta Wi-Fi ce

Wi-Fi na gida yana tafiya a zango biyu. Zangon 2.4 GHz ya fi nisa da ratsa bango, amma ya fi cunkoso. Zangon 5 GHz ya fi gudu, amma bango ɗaya mai kauri na iya gamawa da shi. Ginin ƙasa yana shanye sigina, balle da damina in ya sha ruwa. Ƙarfe kuwa, irin ƙofar kwano, langa-langa da firji, mayar da shi baya yake yi. Ruwa ma haka yake shanye shi, don haka bayan randa ko duro ba wurin ajiye rauta ba ne. Rautar da aka ajiye a ƙasa cikin zaure da wuya ta kai ɗakunan cikin gida. A rataye ta sama da kan mutum, wurin da take hango tsakar gida. Idan wurin da sabis ya fi kyau ya yi nisa da ɗakuna, a bar ta can, a ja wayar netwok zuwa rauta ta biyu.

A layin shaguna, inda kowa ke da MiFi ko ya kunna hotsifot a waya, tasoshi ne ke hawa kan juna. A zangon 2.4, tasha ta 1, ta 6 da ta 11 ne kaɗai ba sa shiga juna. Manhajojin duba Wi-Fi na Android suna nuna wadda maƙwabta suka cika. A zaɓi mai sauƙin jama'a a cikin ukun, a bar faɗin tasha a kan 20 MHz. Lasifikar Bluetooth da kyamarar tsaro mara waya su ma a wannan zango suke, a nisanta su. Sannan a duba jerin wayoyin da ke jone: kalmar sirri da ta zaga unguwa ta fi kowane bango rage gudu.

Zafi da wuta

Yawancin rautocin gida an ƙera su ne su yi aiki zuwa digiri 40, kuma daga Maris zuwa Mayu zafin yankin Sakkwato kan wuce haka ko a inuwa, balle ƙarƙashin rufin kwano. Rautar da ke mutuwa da azahar ta farfaɗo da yamma, zafi ne. A ba ta inuwa da iska, a kakkaɓe ƙurar hunturu daga ramukanta. MiFi da ake bari a caji dare da rana batirinta kan kumbura. Da an ga haka a daina amfani da shi. In fitilun rauta na ɗaukewa su dawo duk lokacin da aka tayar da janareto ko firji, wutar ce. Rauta mai cin bolt 12 kada a jona ta kai tsaye da batirin sola, domin yana haura bolt 14 lokacin caji. Ƙaramin UPS na rauta ya fi aminci.

In an bi waɗannan duka matsalar ta tsaya a kan turke, a rubuta RSRP, SINR da lokutan da abin ke faruwa na kwana uku, a kai wa kamfanin layin, a karɓi lambar ƙorafi. Idan ba su gyara ba, hukumar sadarwa ta NCC na karɓar koke kyauta a lamba 622, kuma lambar ƙorafin nan za a fara tambaya.